Fangali Ɗaya

A Tawa, bayan la'asar, kuran ya dawo.
Ina gina shafi
don ƴan albasa su riƙa shigar da buhunansu.

Zabairu, da ya koya mini aikin, ya sha faɗi:
"Kada ki taɓa shafi da hannu.
Canza lissafi, shafi zai biyo."
Haka Baba ke ban ruwa a garka:
ya buɗe bakin hanya da hauya, ya miƙe,
ruwa ya san fangalinsa.

Amma akwatin farashi,
ɗan layin nan mai ƙifta ido ya ƙi shiga cikinsa.
Na raɗa wa akwatin suna,
na kira shi kai tsaye: kai, karɓi baƙo.
Ya karɓa.

Daɗi ya ja ni.
Na rubuta jaka goma sha biyu a fuskar shafi,
ban gaya wa lissafi ba.
Buhu ɗaya ya shigo,
shafi ya wanke fuska,
rubutuna ya bi ruwa.

Baba ma, in fangali ɗaya ya toshe,
yakan durƙusa ya kwashe laka da yatsa.
Wannan kaɗai.
Sai ya goge hannu a wando,
ya koma bakin rijiya.