Tubalin Bagalam

Daren da Gulbi ya shigo Bagalam
bai yi sallama ba.
Ya kwashe katangarmu, da keken ɗinkin Habsu,
da akuyar da muka raɗa wa suna.

Wata uku, ko buta ta zube sai in zabura.

Lawali magini ya zo da shebur biyu.
Bai ce in yi haƙuri ba,
ya ce, "Jiƙa ƙasar da ta faɗi,
ita za ta tashi."

Na tattaka laka da ƙafar da ta gudu.
Yau tubali ɗari da bakwai ke shan rana.

Hadari ya haɗo daga Jiratawa.
Gabana ya faɗi,
amma na fita, na rufe su da leda.