Dakashi

Da hantsi babur ya tsaya a gindin marke,
akwatin ƙanƙara ɗaure a baya da roba.
Malam Isiyaku, malamin dabbobi daga Miga,
ya ce a hanzarta, rana tana kashe magani.

Ba sai an roƙe mu ba.
Bara boru ya biyo mashaya ya shigo mana,
yawu na zuba kamar zaren da aka warware,
kofato ya tsage, harshe ya saluɓe,
bajimin da ke karya turke ya durƙusa a kan gwiwa.
Goggo Dudu ta kife ƙwaryar nono wata biyu,
ta daina tambayar ranar kasuwa.

Don haka muka riƙe ƙaho, muka murɗe wutsiya.
Allura a wuya, shuɗin alli a gadon baya,
a saki, a kawo ta gaba.
Arba'in da uku na ƙirga,
har da Kyalla mai harbi, da ta zubar da hular Malam.

Sai na sungumo ɗan maraƙinta,
kwana tara, cibiya ba ta gama bushewa ba.
Na ce wannan fa?
Su ne boru ya fara ɗauka bara,
da yamma suna tsalle, da asuba sun yi sanyi.

Ya buɗe masa baki, ya duba dasashi.
Ya ce ya sha dakashi?
Na ce tun kafin ya iya tsayuwa.
Ya ce to mayar da shi.
Allurar da uwarsa ta sha da kaka
ta sauko masa cikin nonon fari.
Garkuwar aro ce, za ta saki a hankali,
in na soke shi yau, ita za ta cinye tawa.
Ƙirga wata huɗu, ka kira ni.

Wata huɗu.
Na ɗebi toka na ja layi a jikin rumbu.

Da dare na leƙa garke da tocila.
Yana tunkuɗar hantsa, kumfa a gemu,
ita tana lasar bayan kunnensa.
Na tuna tawa uwar, da ban riski fuskarta ba,
aka ce kwana uku kawai ta shayar da ni.
Na daɗe a tsaye.
Sauro ne ya kore ni.