Rabon Bappayo

Mu sittin da huɗu ne ranar gwaji
a filin bayan makaranta, Herwagana,
inda turakun raga bututun ruwa ne da aka yi wa walda.
Koci Hammajo, usur a wuya, jan littafi a hammata,
bai yi wa kowa murmushi ba.
Ya ce, "Sha takwas nake so.
Saura, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ni da Bappayo takalmi ɗaya gare mu,
na gwanjo, kuɗin barka da sallarmu aka haɗa.
Shi ya fara sawa. Ina gefe ina kallo
yana yanka yara kamar kuɓewa,
ya ci biyu, ya ba da ɗaya aka ci.
Ya cire, ya miƙo mini da ɗuminsa,
na cusa takarda a ciki, don ya fi ƙafata.

Ni ban ci komai ba.
Gudu na yi, na dawo, na sake gudu,
na tare wani dogo har sau uku,
gwiwata ta sha tsakuwa.

Da aka zo kiran suna
nawa ya faɗo a na sha bakwai.
Na kasa kunne ina jiran na ƙarshe.
Aka ce, "Barnabas, ɗan Kaltungo."
Koci ya rufe littafi.

Wai takardar haihuwar Bappayo
ta ɗara ƙa'ida da wata biyar.
Wata biyar! Cikin akuya fa ke nan.

A hanya bai ce uffan ba
sai da muka kai kwanar mai shayi,
ya rataya mini takalmin a wuya:
"Riƙe. Amma kada ka zaunar mini da rabona a benci."

Na zauna kuwa. Wasa shida ina zaune.
Ni mai mafarkin lamba tara
aka ba ni uku, can baya ta hagu,
inda ba a sanin sunan mutum sai ranar da ya yi kuskure.
Asuba atisaye, bayan la'asar atisaye,
zagaye goma kafin ƙafa ta taɓa ƙwallo,
wanda ya makara, tsallen kwaɗo.
Na ɗauki jarka, na wanke jesin wasu.
Baba yana faci a bakin titi, bai ko ɗago ba:
"Ita ƙwallon ce za ta rubuta maka jarrabawa?"

Sai ranar Kumo.
Mu ashirin da biyu a bas mai cin sha takwas.
Ɗaya da ɗaya, saura minti ashirin,
Manu ya faɗi yana riƙe da cinya.
Koci ya waiwayo. Bai kira sunana ba,
haɓa kawai ya ɗaga.

Ƙafafuna suka koma na aro.
Taɓawar farko na ba abokin gaba,
ta biyu ta yi waje, 'yan kallo suka sa ihu.
Can lamba bakwai ɗinsu ya tsinke,
ya wuce gola, raga ta wage baki,
ban san sa'ad da na zame ba,
ƙasa cike da bakina, ƙwallo a kan layi,
tsinin takalmi, daidai inda takardar take,
ya ɗebe ta zuwa kwana.

Kunnen doki aka tashi. Ba kofi, ba hoto.
Koci ya ce, "Ka makara da taku ɗaya.
Gobe ƙarfe shida."
Amma a bas ya miƙo mini ɓarin lemonsa.

Da dare na sami Bappayo a shagon cajin waya,
yana jera batura a kan katako.
Na kwashe labari kaf, har da ƙari.
Bai dube ni ba, ya ce, "Da wace ƙafa?"
Na ce, "Hagu."
Ya daɗe yana juya wata waya a hannu,
sannan ya ce,
"Na hagun nan, ai da kuɗina aka saya."