Alhamis Ɗin da Aka Ƙwace Mini

Laraba suka zo, da sassafe, a Bradford,
ruwa na tsiyaya ta rufin shagon nama,
ina wasa wuƙa yadda na saba shekara goma sha tara.
Sajan Nuttall ta goge takalmi a bakin ƙofa,
mace mai ladabi,
ta juyo mini da fuskar allonta:
sunana, Ɗanlami, da tamanin da bakwai cikin ɗari.

"Gobe," in ji ta, "ƙarfe huɗu da kwata,
za ka soki Pickersgill, mai gidan da kake haya."

Na ce gobe ta Allah ce.
Ta ce a wannan gundumar gobe ta Ma'auni ce.

Ba zan wanke kaina da ƙarya ba.
Sau uku ya ƙara kuɗin haya cikin hunturu ɗaya.
Ya yanke gas, ɗaki ya koma firji,
Rumasa'u ta kwana tari cikin rigar sanyina,
shi kuwa ya ce in ban iya ba ga hanya nan.
Ma'auni ta tara komai:
bugun zuciyata daga agogon hannu,
saƙon da na rubuta masa na goge,
dare shida da na tsaya a tsallaken titin gidansa
ina kallon hasken tagarsa, haƙora a cije.

Dare shidan nan duka na juya na koma gida.
Wannan ba shi da gurbi a cikin lissafi.

Kakata a Tsafe ta koya mini
cewa mala'ikan hagu ba ya gaggawa,
yakan ɗaga alƙalami ya jira
ko bawa zai yi nadama,
wanda kuma ya ƙudurta sharri ya fasa
lada ake rubuta masa.
Na faɗa wa Sajan haka a cikin mota.
Ta ce, "Labari mai daɗi,"
ta gyara mini bel.

Gidan Jira ba shi da sanduna.
Bango ruwan madara, shayi sau uku,
agogo babba a sama da ƙofa.
Kusa da ni wani yaro, Kieran, ɗan shekara sha bakwai,
an kawo shi kan gobarar da ba ta tashi ba,
yana ta shinshina yatsunsa
ko zai ji ƙaurin hayaƙi.
Babu alƙali. Wa zai yi shari'a da ranar da ba ta zo ba?
Babu shaida sai wuƙata a leda,
da kitsen rago a bakinta.

Alhamis ta zo, ranar da aka haife ni.
Huɗu ta buga.
Na zuba wa hannuna ido a kan gwiwa
kamar baƙon da ban san garinsu ba.
Huɗu da kwata.
Can wani wuri Pickersgill na juya cokali a kofi,
lafiya lau,
allon bango ya yi kore: an ceci rai ɗaya.
Ma'aikata suka tafa.

Sun ce rigakafi ya fi magani.
To, ni ne cutar, ko ni ne majinyacin?
Sun girbe ni tun iri na cikin tafin hannu.

Wata tara suka ba ni, na gyaran hali.
Ba watannin ke ci mini rai ba,
ba shagon da aka rufe ba.
Da can mutum kan kai bakin rijiya,
ya leƙa, ya ga fuskarsa,
ya ja da baya da ƙafarsa.
Wannan takun nake nema.

Rumasa'u ta zo ranar Lahadi, gilashi a tsakaninmu,
ta ce, "Baba, da za ka yi?"

Na buɗe baki.
Tamanin da bakwai nasu ne, sun ɗauka.
Sha ukun da suka rage
su nake ta lalube a aljihu,
ba a bar ni na kashe ko ɗaya ba.