Rabin Madubi

Kuran ya dawo ƙarfe huɗu saura,
Mushe Lawali ya ce a ja labule.
Mu goma sha ɗaya a ɗakin gwaji na jami'ar Maraɗi,
zufa na bin baya, fanka a kashe
don kada tebur ya girgiza.

Ya ɗaga wani gilashi, bai kai kwalin ashana ba,
an shafa masa azurfa, shafar marowaci:
rabin haske ya wuce, rabi ya komo.
Jan zare ɗaya ya shiga, biyu suka fita,
kowa ya kama gabansa,
suka sake gamuwa a gilashi na biyu.
Allon dama ya yi ja wur.
Na hagu, duhu.

Harira ta ce, "Mushe, haske da haske fa!
Ina aka taɓa zuba gero kan gero
a tarar da rumbu wayam?"

Bai tanka ba. Ya aiki Mamuda
ya aro igiyar guga wajen mai gadi.
Ya ɗaure bakinta a ƙarfen taga, tam,
ya kaɗa ta sau ɗaya.
Tudu ya tafi.
Kwari ya dawo.
Ya kwance, ya ɗaura ta a zobe mai zamewa:
tudu ya tafi, tudu ya dawo abinsa.

"In haske ya taso daga iska ya ci karo da gilashi,
a kife yake komowa.
In daga cikin gilashi ya taɓa bakin iska,
yadda ya je haka zai dawo.
Rabin taki ne tsakaninsu, ba ƙari.
Tudu ya hau tudu, ga ja.
Tudu ya faɗa kwari, ƙasa ta daidaita.
Abin da hagu ya rasa, ku duba dama,
ko ƙwaya ba ta zube ba."

Bayan magariba, a Ali Ɗan Sofo,
na tsaya gaban shagon Sahabi tela.
Fitilar mai tsire ta haske ni ta baya da gefe,
sai ga fuskata a gilashin ƙofa,
kekensa na ɗinki yana gudu a goshina.

A kife na dawo, na sani yanzu.
Na duba da kyau: hancin nan ne, kallabin nan ne.
Ido ɗaya ba ya gane wanda ya kife
sai ya gamu da ɗan'uwan tafiyarsa.

Sahabi ya ɗago kai,
ya yi nuni da almakashi: sai jibi.