Dukawan Jiki

Ƙarfe biyu na rana wuta ta ɗauke,
injin asibiti ya yi tari, ya kama.
Na ɗora gilashin Inno Tumba a ƙarƙashin madubi,
ɗan yanki daga mamanta na hagu,
bai kai ɓawon albasar Kwalkwalawa kauri ba.

Na ga ƙarin, baƙaƙen idanu a cunkushe.
Ba su suka tsayar da ni ba.
Na gefensu ne, sirara, masu tsini kamar basilla,
kowace ƙwaya ta duƙufa tana jan zare.

Na san su.
Su suka ɗinke mini gwiwa ina shekara bakwai,
ranar da na faɗo daga keken Modi.
Tabon yana nan, aikinsu ne, bai taɓa warwarewa ba.

Ubana baduku ne a Madunka.
Ya ɗinka kube arba'in shekara guda,
bai tambayi wuƙa ko ɗaya
wuyan wa za ta je ba.

Haka waɗannan.
Ƙari ya yi kukan miki, suka amsa,
sun zaci rauni ne da zai rufe kafin Juma'a.
Suka yi masa shimfiɗa, suka janyo masa hanyar jini,
suka naɗe shi da jema mai tauri,
ɗinki kan ɗinki.
Maganin da muke ɗura mata tun watan azumi
yakan zo bakin nan ya tsaya
kamar baƙon da ya tarar da ƙyaure a rufe.

Wasu sun ce a kashe dukawan.
To wa zai ɗinke ta bayan wuƙar likita?
A cikinsu ma akwai masu riƙe ƙarin kada ya yaɗu,
kuma a madubina duk kamarsu ɗaya.
Ana can ana neman harshen da za a ce musu:
ku sassauta zare, wannan ba naku ba ne.

Da la'asar na same ta a baranda,
ta kwance goro daga haɓar zane ta miƙo mini.
"Mi kig gani, ɗiyata?"
Na ce, Inno, jikinki bai ci amanarki ba,
ruɗinsa aka yi.
Ta daɗe tana tauna.
Ta ce, "To a hwaɗa mishi."

Na koma ɗaki na rubuta sakamako.
Hannuna ɗaya yana kan gwiwa.