Gwanin da Bai Taɓa Tari Ba

A kotun Daejeon, hawa na uku,
lauya Pyo ya ɗaga takardu biyu sama.
Ya ce: wannan ta koyar da ninki,
waccan ta koyar da zare mai cafke ƙura.
A haɗa su, ya mai shari'a, shi ke nan.
Duk gwanin sana'a zai gani. A fili yake.

Na raɗa wa lauyata:
wane ne gwanin nan, ko mun yi makaranta tare?
Ta ce ba shi da suna, ba shi da gida,
doka ce ta haife shi.
Ya karance duk abin da aka rubuta,
amma bai taɓa mafarki ba.

To, a kira min shi.
Ina so in ji inda yake
shekara bakwai da na yi ina yanka ƙyalle,
samfuri ɗari huɗu da sha biyu,
kowanne sai tururin baki ya jiƙa shi,
ya mutu kafin a tashi aiki.

Ina yake daren da babana, Eom Dal-su,
mai walda a tashar jiragen ruwa ta Ulsan,
ya zauna bakin katifa yana neman iska
kamar mai laluben allura a duhu?
Takunkumi nawa ya tuɓe ya jefar
don ya fi hayaƙin shaƙe shi?
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba a takarda na samo ba.
Ran da inna ke barbaɗa wa kabeji gishiri,
hannunta ja wur don sanyi,
na ga ruwa na bin jijiyar ganye
yana gangarawa gefe, tsakiya a bushe.
Na bar ta da kwano, ko takalmi ban ɗaure ba.

Yanzu wannan 'yar kwatar, siririya kamar gashi,
ita ce a kan allo, an kumbura ta
har ta yi faɗin ƙofa.
Alƙalai uku na kallo suna gyaɗa kai.
Lallai da sauƙi.
Kacici-kacici ma in an faɗi amsa
yaro sai ya ce da ma na sani.

Ban ce Pyo maƙaryaci ba ne.
Ninkin ba nawa ba ne, zaren ma haka,
kuma wanda ya aiko shi
yana sayar da nasa rabin kuɗin nawa.
Wannan kam ya hana ni barci.

An ɗage zama sai bayan sati shida.
A tashar jirgin ƙasa na ƙirga fuskoki:
sha tara a rufe, huɗu da 'yar kwatata,
biyu ba tambarina.
Suna numfashi abinsu.

Baba ya kira, muryarsa kamar zarto a jiƙaƙƙen itace.
Ya ce, Gyeong-ran, kin ci?
Na ɗauka shari'a yake nufi.
Ashe abinci.